Tokar Iyatu a Jikin Motar Bature

"Wa ya sa ki? Inna, tambayarki nake, wa ya sa ki?"

Dawuda ne ke ɗaga murya a ƙofar gidansu, gaban mutanen da suka taso daga masallacin Juma'a, yana nuna jikin motar da yatsa. Uwarshi Iyatu na tsaye da tsumma a hannu, toka har gwiwar hannunta. Ni kuwa katangarmu ɗaya da su, sai na fito da rariya kamar mai mayar da aro, na samu gindin tsamiya na tsaya.

Abin ya faru shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Dawuda direban wani Baturen auduga ne, shekara shida rabonshi da Kusada. Zazzaɓi ya kwantar da Baturen a barikin Kankiya, shi ne ya ba shi yini guda ya zo ya ga gida. Ya iso da hantsi cikin baƙar mota mai sheƙi, har awaki na tsayawa suna kallon kansu a jikinta.

Dawuda ɗan fari ne, kuma Iyatu irin matan da ne masu kunya ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunanshi ba, "Wancan" take cewa. Ana yaye shi kakarshi ta ɗauke shi. Ranar da ya sauka, bayan shekara shida, abin da ta ce kawai, "An iso?" ta shige madafa. Amma ni ta saman katanga na hango ta tana fige zakaran da ta hana kowa taɓawa tun sallar layya.

Da ya tafi masallaci ta leƙo ta ga jar ƙurar hanya ta lulluɓe motar. To, duk Kusada har Yashe an san Iyatu da gugar tasa. Tokar kara take tankaɗewa sau uku, ta jiƙa tsumma, ta bi tasa da kewaye har ka ga haƙoranka a ciki. Abin da ta iya kenan, shi ta yi wa motar. Ta gama ƙofar baya ta kama ta gaba, aka sallame salla.

Rana na dukan wurin sai ga zane, kewaye cikin kewaye, siri-siri kamar saƙar gizo. In ka matsa su bi ka, in ka ja baya su juya.

"Kin san man da nake shafa mata daga Ingila ake kawo shi?" in ji Dawuda. "In zanen nan a man ya tsaya, da sauƙi. In ya kai fenti, aikina ya ƙare. Kuma wallahi tallahi, in a fenti yake, ba ni ƙara taka gidan nan!"

Aka yi ta salati. Nan fa kowa ya zama masanin mota. Hamma mai fura ya ce a shafa mata man shanu. Ɗanmaliki, wanda ko jaki bai mallaka ba, ya ce shi tun daga nesa ya san a fenti yake. Wata ta ce aljanun guguwa ne suka yi rawa a jikinta. Na ce mata aljanun nan da tsumma a hannunsu, ga su nan tsaye. Yanzu ina nadamar wannan maganar, don Iyatu ta ji.

Can sai ga Manu yana ɗingishi. Tsohon soja ne, ya tuƙa babbar mota a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, ya dawo yana gyaran keke a kasuwar Kankiya, Juma'a kuwa a Kusada yake yin ta, wajen surukanshi.

"Kai, ɗan nan, rage murya," ya ce. "Uwarka ce, ba yaron mota ba. A kawo mani kananzir."

Ni na kawo, daga fitilata, don kar a yi abin ba ni kusa. Ya ɗiga a ƙyalle ya murza wuri kamar tafin hannu a ƙofar baya.

"Kananzir na cinye man," ya ce wa jama'a. "In zanen a man yake, tare za su tafi. In ya rage, to a fenti yake."

Ya hura wurin, ya jira ya bushe, ya karkata kai yana duba da hasken rana. Ya bi da farce a hankali. Ni ba motar nake kallo ba, Iyatu nake kallo. Leɓenta na motsi, addu'a take yi.

Manu ya miƙe. Ya kakkaɓe gwiwarshi.

"A fenti yake."

"Ai na faɗa," in ji Ɗanmaliki. Ba wanda ya kula shi.

Iyatu ta duƙa ta ɗauki kaskon tokarta, ta naɗe tsumman a tsanake kamar za ta sake amfani da shi, ta shige gida. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mani sauƙin gani.

Mutane suka fara watsewa, sai Manu ya ce a mirgino mashi turmi. Aka kifa shi, ya hau da ƙafarshi mai ciwo, ya murza kananzir a tsakiyar rufin motar. Ya duba, ya sauko.

"Dawuda, hau."

Ya hau. Na ga wuyanshi ya sage.

"Me ka gani?"

Dawuda ya ƙura wa rufin ido.

"To ni in faɗa. Zanen ne, irinshi sak. Iyatu da ko kafaɗata ba ta kai ba, tsani ta kafa ta hau can? Da me kake goge motar nan?"

"Da guntun bargo," in ji Dawuda, murya ƙasa-ƙasa.

"Kana wanke ƙurar kafin ka goga?"

"In muna daji ba ruwa..."

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

"To hannunka ne. Kullum safiya kana niƙa mata yashi da bargo, ka bi da mai ka rufe. Ban ce tokar ba ta lashi fentin ba, ta ɗan lasa. Amma babban aikinta shi ne ta cinye man, abin da ke ƙasa ya fito. Kawo gwangwaninka ka sake shafawa, Baturenka ba abin da zai gani. Shekara huɗu ma bai gani ba."

Na yi ajiyar zuciya, na ce shi kenan. Liman ya matso ya ce rantsuwar fushi tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma, in babu hali ya yi azumi uku, ya shiga ya roƙi gafarar mahaifiyarshi. Dawuda ya juya. Ya buɗe bayan mota ya ɗauko gwangwanin man. Tun daga lokacin har aka yi la'asar yana shafawa yana gogewa, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Motar ta koma yadda ta zo, zanen ya ɓace kamar ba a yi ba.

Sannan ya shiga gida ɗaukar jakarshi da ya aje a ɗakinta. Na bi bayanshi da rariyata, na tsaya daga bakin ƙofa.

Tana zaune a bakin gado. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aje tuwo da zakaran nan a cikin tasarta ta aure, wadda ba ta taɓa zuba wa kowa abinci a ciki ba.

"Ga abinci nan," ta ce, tana kallon bango.

"Na rantse, Inna."

"An ce ba ni ba ce."

"A fenti na ce. A fenti yake." Ya rataya jakar. "Da kin bar ta yadda take, da ba wanda ya sani. Kin tara mani gari."

"Ƙura na gani."

"Ƙura kika gani!" Muryarshi ta karye. "Shekara shida. Na sauka na durƙusa, ko dubana ba ki yi ba. Motar Bature kika duba. Ita ta samu hannunki."

Na so in tsoma baki in ce, kai sakarai, motar wa take gogewa in ba kai ba? Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ranar harshena ya ƙi.

Ya juya zai fita. Iyatu ta ɗago kai, ta dube shi ido cikin ido, ta buɗe baki sau biyu abin bai fito ba. A na uku ya fito, kamar tana koyon magana.

"Dawuda."

Ya tsaya cak, hannunshi a kan ƙyauren. Na ga kafaɗunshi na rawa. Na ce a raina, juyo mana, ɗan nan, taku biyu ne. Daga waje aka jiyo Ɗanmaliki yana ba wani labarin turmi, ana dariya.

Dawuda ya goge fuska da hannun riga, ya ratsa ta gefena ya fita, ya maka ƙyauren har murfin tasar ya zame ya faɗi ƙasa.