Guga a Bangon Mai Fenti

"Riƙe tsanin da kyau, maƙwabciya, kada ki kashe ni kwanana bai ƙare ba."

"To ka sauko mana, Baba. Wa ya aike ka?"

Tari ya hana shi amsawa. Na bar ɗinkin mutane a kan keke na zo ina riƙe wa tsoho tsani, shi kuwa yana sama da alli a hannu, yana zana guga a bangon gidansa. Likita ya ce ya kwanta, amma ai gara ka yi magana da bangon da ka yi da Baba Mai Fenti.

Tun ina amarya a layin nan nake ganinsa da burushi. Duk kakar zaɓe shi ke zana wa manyan jam'iyyun nan biyu alamarsu, zaki a wannan katanga, mikiya a waccan, ya karɓi ladansa ya dawo. Bangonsa ne kaɗai bai taɓa ɗaukar hoton kowa ba. Sai bana, da fenti ya gama cinye masa ƙirji, ya tashi da wata ƙaramar jam'iyya mai alamar guga, wadda ko sunanta ban iya riƙewa ba.

"Na je taronsu," ya ce da ni da ya sauko yana haki. "Kujeru sun fi mutane yawa. Amma su kaɗai na ji sun yi maganar ƙirjin masu fenti da idon masu walda. Har ciwon bayan teloli sun ambata, ke da kike tafiya kamar tsohuwa."

"Ba za su ci ba fa, Baba."

"Na ce miki za su ci? Cewa na yi sun faɗi abin da ke raina."

Washegari 'ya'yansa biyu suka iso, kamar an buga musu ganga. Babban na zaki ne, Auta na mikiya, sun daɗe ba sa zama inuwa ɗaya, amma ranar bakinsu ya zo ɗaya.

"Baba, za ka ja mana abin faɗa," in ji Babban. "Me zan ce wa mutanenmu?"

"Ƙuri'arka za ka zubar a banza," in ji Auta. "Ko nasu ka bi, ai da sauƙi."

Tsohon ya dube su yana dama shuɗin fenti da kara. "Oho, ashe guga na iya haɗa ku. To ya fara aiki ke nan."

Ba su yi dariya ba. Babban ya ce ranar da Baba ya gama, ranar zai zo da farin fenti ya shafe. Na ji haushinsa har na kusa tanka masa, sai na tuna ba gidana ba ne.

Kullum da hantsi yake fitowa, ya yi abin da ƙarfinsa ya ba shi. Ya cika cikin gugan, ya yi masa baki, har ɗigon ruwa ya sa a gefe. Igiya ce ta rage, tana nan a zanen alli kawai. Na ce ya riƙa yin ta kaɗan-kaɗan, ya girgiza kai.

"Igiya da ja ɗaya ake yin ta. In ka tsaya a hanya, mahaɗin zai nuna, kowa ya gane za ta tsinke. Bari hannuna ya daina rawa tukuna."

Hannun bai daina ba. Ranar da na shiga duba shi, yana kwance kusa da taga, gwangwanayen fenti jere a ƙarƙashin gado. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, guga zan zaɓa.

"Don ni? A'a, 'yata. Je ki saurare su da kunnenki. In ba su yi miki ba, nemi wasu, ai suna da yawa."

Ya rasu da la'asar, zaɓe saura 'yan kwanaki. Na yi kuka kamar ubana ne ya tafi, ban ɓoye wa kowa ba.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, ina kan keke na hango Babban da bokitin farin fenti, Auta na biye da shi. Na fito na tsaya a bakin shagona ina kallonsu.

Babban ya fara daga kusurwa, yana shafa da sauri. Da ya matso kusa da gugan sai hannunsa ya yi sanyi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "wannan burushin ya yi girma. Karɓi ƙarami."

Ya karɓa. Ya durƙusa yana bin gefen gugan da fari, sannu-sannu, ba ya taɓa shuɗin. Auta kuwa ya kare zanen allin da tafin hannunsa, inda igiyar za ta bi, don kada fenti ya ɗiga a kai.