Mangwaron da Rana Ta Ci

Maigidana Hammajoda yana da wani hali mai ƙona min rai: gara ya tafka asara da a ce ya ci haƙƙin wani. Halin nan ne ya raba mu da mangwaron da mahaifiyarsa Dada ta dasa a gidanmu na Gwallameji kafin ta rasu.

Maƙwabciyarmu Madam Cecilia ce za ta ja katanga, sai ta ɗauko mai awon fili da na'urarsa mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Ya kafa sanda, ya ce bishiyar a filinta take. Ya sake dubawa, ya ce a'a, a kan iyaka take. Can ya sosa ƙeya ya koma maganarsa ta farko.

"Malam, bishiya ce ko akuya, da take yawo haka?" na ce masa.

Cecilia da kanta ta ce wa maigidana, "Alhaji, ka bari mana, ni ma ina shan inuwan." Ina! Wai Dada ba za ta kwanta da haƙƙin maƙwabci a kanta ba. Kafin la'asar ya kira masu injin yankan itace.

Washegari sai ga Juliana, 'yar Cecilia mai karatun ilimin sararin samaniya a jami'a. Ta nuna mana hoton rana a waya, jawur, da farin tabo a gefe.

"Baba, rana ce ta yi aman wuta kwanakin baya. Na'urori sun hango tun yana tashi, har an yi gargaɗi. Jiya guguwar aman nan ta iso duniya, ta rikita saƙon da injin awo ke karɓa."

Hammajoda ya ce, "Wace rana? Wannan da muka shanya masara a cikinta?"

"Ita, Baba."

"Ni ban ga guguwa ba. Ko ganye bai motsa ba."

Wallahi ni ma kaina ya ɗaure tamau. Amma da aka sake awo bayan sama ta lafa, sai ga kututturen a cikin filinmu, nesa da iyaka.

Na fito da faɗa cike da bakina, na tarar da Hammajoda zaune a kan kututturen, rana na dukansa, babu inuwa ko ta tafin hannu. Tausayi ya kama ni, na haɗiye faɗan.

Ya ɗaga kai sama, ya runtse ido, ya ce, "To in Dada ta tambaye ni, in ce mata wa ya sare?"