Dariyar Usaina

Ranar wata Asabar da safe, 'yan watanni bayan mun kai matata Usaina makwancinta, na ji ta tana dariya a bayan asibitin unguwarmu.

Daga sayen jarida nake dawowa. Har yanzu ina sayenta, ko da yake babu komai a ciki sai labarin wanda ya yi sata da wanda ake yabo don bai gama tasa ba. Ina bin gefen katangar asibitin sai muryar ta tsallako. Ban gudu ba. Shekaru na yi ina koya wa yaran sakandare a Lafia cewa matattu a littafi kawai suke magana. Na saurara da kyau, sannan na zagaya ta ƙofa.

A ƙarƙashin mangwaro na tarar da tsofaffi sun yi da'ira, yawancinsu matan kasuwar doya, sai maza 'yan kaɗan. A tsakiya wata nas tana riƙe da waya da ƙaramar lasifika. Daga nan matata take fitowa. Su kuma suna tafi suna bin ta, baki buɗe, kamar kaji sun ga shaho.

Na san Usaina tana zuwa asibiti duk Asabar saboda hawan jini. Motsa jiki, in ji ta. Na ɗauka miƙe-miƙe ne. Ashe wannan ne: yogar dariya, wai daga Indiya aka kawo ta. Hikimar ita ce jiki ba ya bambance dariyar dole da ta gaske, don haka sai a taru a fara ta dole har ta gaske ta biyo baya. Ban yi mamaki ba. Inda babu magani a kanti, dole a rubuta wa mara lafiya dariya. Ita kaɗai ce aka yarda jabunta ma yana aiki.

Nas ɗin ta hango ni, ta kashe lasifikar. Na gane ta. Seember sunanta, ta zo mana ta'aziyya har ta fi 'yan'uwan mamaciyar kuka.

"Baba Malam! Sannu da zuwa. Yaya haƙuri, Baba?"

"Haƙuri yana gida, na bar shi yana barci," na ce. "Mene ne wannan?"

"Mama ce, Baba. Da ita muke buɗe kilas. In ba mu sa ta ba, mutane sai su tsaya suna kallon juna kamar a layin banki."

"Goge sautin nan," na ce.

Wani tsohon Bafulatani da ɓarin fuskarsa ya ɗan saki ya matso yana jan ƙafa. Daga baya na ji Kawu ake ce masa, daga garin Ashige ake kawo shi a babur tun da jini ya buge shi.

"Malam, Allah ya ji ƙan Hajiya," ya ce. "Amma mu nan tsofaffin motoci ne, sai an tura mu muke tashi. In ka ɗauke mai turin, ina za mu?"

"Ku tura juna. Mace ta rasu, muryarta tana yawo a lasifika gaban maza kamar tallan maganin basir. Ko a Ashige haka kuke yi wa matanku?"

"A Ashige ko matanmu ba su iya ta haka ba," in ji Kawu. Wata mata ta ƙyalƙyale, ta yi sauri ta toshe baki da gefen zane.

Seember ta sunkuyar da kai. "Baba, ita da bakinta ta ce in ajiye. Ta ce kada in tura wa kowa, ko 'ya'yanta, amma in riƙa sa wa kilas. A wayar nan kawai yake, wallahi babu wani wuri."

"To aikin ya zo da sauƙi."

"Kai ne mijinta, ba zan hana ka ba. Amma zauna ka ji shi daga farko tukuna. Na roƙe ka."

Na zauna a benci don ƙafafuna, ba don roƙonta ba. Ta danna.

Tafi ne ya fara. Sannan Usaina. Gajeriyar dariya mai ladabi, hawa uku, ta sauka da ɗan numfashi ta hanci. Wannan na sani kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Ita take yi min duk safiya in na karanto mata shirmen wani babba daga jarida na ƙara masa gishiri. Ita ta yi min ranar da na fara zuwa gidansu. Shekara talatin da wani abu ina gaya wa abokaina cewa ko duniya ba ta gane ni ba, akwai mace ɗaya da ke gane barkwancina. Har na ji fuskata ta fara saki.

"Nan duk na dole ne, Baba," in ji Seember, cikin tausasa murya, tana so ta taimake ni. "Na koyo ne, irin wanda muke fara da shi. Jira, yanzu na gaske zai zo."

Ya zo kuwa. Muryar ta tsage, ta haura inda ban taɓa jin ta kai ba, ta sarƙe, ta yi wani gurnani ta hanci irin wanda 'yar gidan mutunci ba ta yi, sannan ta sake ɓarkewa. A tsakiya tana cewa, "Wayyo cikina! Wayyo Allah, ku bar ni!" Ana jin tana buga cinya. Ana jin wasu suna faɗuwa a kanta.

Wannan matar ban taɓa haɗuwa da ita ba.

Da ya ƙare na ce, "Me ya jawo dariyar?"

Seember ta shiga gyara igiyar lasifika da ba ta lalace ba.

"Tambaya na yi. Me aka yi mata ta yi wannan dariyar?"

Kawu ne ya amsa, don tsufa ya cire masa tsoro. "Ran nan dariyar faɗa muke yi, Malam. Kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa kamar yana masa faɗa, amma yana dariya. Sai Hajiya ta ari gilashin Oliver, wancan mai jar hula, ta sauke shi kan hanci. Ta naɗe kwalin magani kamar jarida. Ta ɗaga shi haka, ta ce, 'Jahilci! Jahilci ne ya cinye ƙasar nan!' Ba ta ƙarasa ba ta zube."

Ya yi muryar daidai. Ba ta Usaina ba, tawa.

Sai a lokacin na lura da kaina: gilashi a kan hanci, jarida a naɗe a hannun dama, a ɗage. Su ma sun lura. Mutanen da suka taso tun daga Ashige da Assakio don su tilasta wa kansu dariya, ga su yanzu suna tilasta wa kansu shiru. Kafaɗun Oliver suna rawa. Wata tsohuwa ta juya ta fuskanci mangwaro.

"Ba da mugunta ta yi ba, Baba," in ji Seember. "Wallahi kullum maganarka take yi. Malam ya ce kaza, Malam ya ce kaza."

"Na ji irin yadda take yi. Kawo wayar."

Ta miƙo da hannu biyu. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata. Na sa Seember ta nuna min inda wayoyi ke ɓoye abin da aka goge, na bi shi can ma. Malami ne ni, ba na barin aiki rabi.

"Allah ya huci zuciyarka, Malam," in ji Kawu a bayana. Ban juya ba.

Makon ya wuce kamar sauran. Na karanta jarida ban ɗaga murya ba. Sau da yawa na zauna a kujerarta na nemi dariyar nan ta biyu a kaina, don in bincike ta, in ga ko akwai raini a ciki ko babu. Ta ƙi zuwa. Sau ɗaya tak na ji ta, kuma rabin hankalina a lokacin yana kan fushi. Duk sanda na kira, ta farkon ce ke amsawa, hawa uku da ɗan numfashi.

Asabar ta gaba na bi ta wata hanya. Asabar ɗin da ta biyo bayanta ƙafafuna suka kai ni gindin katangar ba tare da sun nemi izini ba. Na gaya wa kaina zuwa na yi in ji yadda motocin suka ƙi tashi.

Na ji tafi. Na ji Seember tana cewa, "To, mu je, mu je!" Na ji 'yan ƙananan dariya marasa jini, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na gyara gilashina, har na fara jin daɗi.

Sai wata tsohuwar murya ta namiji ta tsage, ta haura, ta sarƙe, ta yi gurnanin nan ta hanci. "Wayyo cikina!" in ji Kawu. "Wayyo Allah, ku bar ni!" Matan suka karɓa, kowace da hawan, da sarƙewar, da buga cinyar, ba su tsallake ko ɗaya ba. Asabar nawa suka yi suna bin ta? Sun haddace ta kamar karatun allo. Seember tana da ita, Oliver yana da ita, mai shanyayyen baki daga Ashige yana da ita.

Na duba hagu da dama, babu kowa a layin. Na jingina da katanga, na ja numfashi kamar yadda na ga suna yi, na buɗe baki don in bi su tun ba su kai ƙarshe ba.

Abin da ya fito gajere ne, mai ladabi. Hawa uku, ya sauka da ɗan numfashi ta hanci.