Gadon da Ake Bayarwa Cikin Ruwa

…wai kuma sai ruwan yana da sanyi. Abin da Umair ya ce ke nan jiya a waya, da Larabcin nan nasa mai gudu, mahaifinsa Haladu yana tsintar rabi yana barin rabi. Wai a bazara in rana ta ɗaga kogin ya ɗumama, kifin nan nasu ba ya jure wahala, ko ka sake shi sai ya juya ciki sama. Shi ya sa da sassafe kawai suke shiga. Ko ka sake shi… To wa ya aike ka kama shi? Ɗan Basarke guda, jikan masuntan Yawuri, ya tafi har Bosniya rakiyar Larabawa masu yawon shan iska, ya ƙare da kama kifi yana mayarwa ruwa. Da Baba, mahaifin Haladu, yana raye da ya yi dariya har hularsa ta faɗa kogi.

Na'urar tana ta gunjinta a hagunsa. Jini ya fita ta wannan roba, ya zaga, ya komo ta waccan. Wankin ƙoda, gasil in ji mutanen asibitin. Yau a zo, gobe a huta, jibi a komo. Sundus, autarsa, tana kan kujera tana latsa waya, ta ajiye kofin ruwan can inda hannunsa ba zai kai ba. Likita ya ce kurɓi-kurɓi. Shi da aka haifa a tsibiri, shi da ya iya iyo kafin ya iya ɗaura wando, yau shi ake auna wa ruwa kamar maganin tari. Ƙishi yake ji, kuma abin yana ba shi haushi.

Umair yana da wani ɗan gilashi da yake tsomawa ya ga zafin kogin — Baba gwiwar hannu yake sawa. Ga Baba can a durƙushe a bakin jirgi, bazara ta kai bazara, ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito da baƙin bayansu. Ya tsoma, ya girgiza kai. Kifi ya sauka ƙasa neman sanyi, ku ƙyale shi, ku je ku ɗinke koma. Sai ruwan farko ya faɗi, shinge, garar nan mai fiffike, su tashi, kifayen kawara su dinga tsalle suna cafkewa a saman ruwa, sannan Baba ya soka shinge ɗaya a ƙugiya ya ajiye shi a hankali, ko motsi ruwan ba ya yi… Shi kuwa Umair nasa ƙwaron na ƙarya ne. Gashin zakara da zare, an ɗaure a ƙugiya. Ya nuna masa a waya, cike da ɗan akwati, kowane da lokacinsa. Yana kaɗa doguwar igiya a iska kamar mai kora shanu. Kifin Turawa dai akwai saurin yarda.

Ba wannan ba ne. Me ya sa yake ta kewaye-kewaye? Kalmomin ne.

Ranar da zai bi kawunsa zuwa aikin Hajji, tafiyar da har yau ba a koma ba. Baba ya ja hannunsa, ba su yi wajen jirgi ba, suka shiga ruwa da ƙafa har gwiwa. Laka tana shiga tsakanin yatsu. Bakin Baba a kunnensa, warin goro. Abin da ake faɗa in za a shiga kogi, a nemi izini, a fita lafiya, kifi ya yarda da kai. Kakan kakansu ya ba ɗansa, ɗan ya ba nasa. Sharaɗi ɗaya ne: ɗan cikinka za ka ba, kuna tsaye ku biyu a ruwa ɗaya, ruwa mai gudu, mai kifi. Ba a ɗaki ba, ba a tudu ba. In aka faɗa a busasshiyar ƙasa ya tashi aiki.

Sai Allah ya zaunar da shi a Madina. Alhamdu lillahi, wa zai yi ƙorafi da maƙwabtakar Manzo? Amma ina kogin? Aƙiƙ, kwari ne mai suna babba, ciki yashi da duwatsu. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, kwarin ya cika ya tumbatsa, ya sa Umair a mota suka taso daga unguwar Jurf, yana ta cewa a ransa — yau ne, yau ne. Suka tarar da jama'a a kan gada ana ɗaukar hoto, masu tsaro sun hana sauka. Jan ruwa, ya ɗebo itace da robobi. Ko ɗan tsako na tarwaɗa babu a ciki. Bayan kwana biyu ya ƙafe. Yanbu kuwa teku ce, gishiri, ba ta san Sarkawa ba. Ya ce bari dai wata shekara su je gida tare. Wata shekara aka yi rashin Raudatu, uwar yaran. Wata shekara Umair yana jarrabawa. Wata shekara…

Ko tsoro ne? A garin nan in ka ce kana neman izinin kogi, wani ɗalibi zai ɗaga gira ya ce shirka. Alhali da sunan Allah abin ya fara, da salati ya ƙare. Tsakiyar ce dai… tsakiyar tsohuwar magana ce, ta mutanen ruwa. Bai taɓa tambayar malami ba. Bai taɓa furtawa ba ma tun da ya baro gida, ko a ransa ba ya bi ta kai, kar ya ɓata ta a tudu. Ya ajiye ta yadda Raudatu take ajiye kwanukan aurenta, a rufe, ba a taɓawa.

Umair ya ce masa ya bari sai kaka ta kama ya zo Bosniya. Lokacin ruwa ya huce, kifi yana ci har azahar, zai saya masa wandon roban nan mai kaiwa ƙirji, su tsaya tare. Tare, a ruwa ɗaya — yaron bai ma san abin da ya faɗa ba. Sundus ta tambayi likita zancen tafiya, likita ya dubi ƙafafun nan da suka kumbura, ya ce in sha Allah. Haladu ya san irin wannan in sha Allah, shi ma ya sha yi wa 'ya'yansa ita. Kaka da nisa. Yana tsoron kar ya mutu da abin nan a cikinsa, wannan ita ce gaskiyar magana.

Wayar tana kaɗawa. Kiran bidiyo ne. Sundus ta miƙo ta gaban fuskarsa.

Hazo a kan ruwa, itatuwa kore shar, rana ba ta gama fitowa can ba. Umair a tsaye, kogi har cinya. "Abuya, shuf, duba!" Sandar kamun kifin ta lanƙwashe. Ya jawo da sauri, bai tsaya wasa da shi ba. Ya jiƙa hannayensa kafin ya taɓa. Kifi mai ɗigo-ɗigon ja a haƙarƙari, kyakkyawa, ba laifi. Ya zare ƙugiyar, bai ɗaga shi sama ba, ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa. Yana jira. Yana jira… Haka Baba yake yi wa 'ya'yan giwan ruwa in sun faɗa koma, tafin hannu a ƙarƙashin ciki, har sai sun buga wutsiya da kansu. Wa ya koya wa yaron nan? Bai taɓa ganin Baba ba, bai taɓa ganin Yawuri ba.

Yana cikin ruwa. Mai gudu, mai kifi. Rabin sharaɗi ke nan. Shi kuma a kan kujerar asibiti, ƙafafu a kan matashi… Baba, ka yi haƙuri, rabi ya fi a tafi da shi kabari. Ko bai fi ba? Ko zai tashi aiki?

"Umair. Kar ka fita. Kawo kunnenka."

"Na'am, Abuya?"

Sundus ta matso da wayar bakinsa. Bismillahi. Wannan ta zo. Ta biye ma ta zo, ya ji ta a harshensa, busasshen harshe. Sai… sai me? Ga lakar a tsakanin yatsu, ga warin goro, ga ɗumin numfashin Baba a kunne, har kukan wani tsuntsu a tsallake yana ji. Bakin Baba yana motsi. Kalmomin ne babu. Ya koma farko. Bismillahi… nan dai ya sake tsayawa. Yaushe suka tafi? Shi da yake gadin su tun yana saurayi?

"Abuya, ban ji ba. Rana tana tashi, al-moya, ruwan nan, zai yi zafi, lazim, dole in fita."

"Tsaya tukuna," in ji Haladu. "Yanzu za ta zo."

Umair yana tsaye, ruwa yana wucewa ta gefen ƙafafunsa. Na'urar tana gunji. Hannun Sundus ya fara gajiya da riƙon wayar.