Regiletar Apisai

Mereoni ba ta yarda ta bar regiletar a shagon Dhiren ba. Ta ce a gabanta za a buɗe ta, ta jawo bokiti ta kife, ta zauna daf da teburinsa. A duk tsibirin Taveuni shi kaɗai ke gyaran wannan na'ura da masu nutso ke shaƙar iska da ita daga tukunyar iskar da suke goyawa, don haka ba yadda ta iya. Kwale-kwalen baƙi ya ɗauke ta aikin jagorar nutso, ba ta kuma da wata regileta sai ta mijinta.

Shekara biyu ke nan ba ta gai da Dhiren ba. Mijin nata, Apisai, ya yi nutso da wannan regileta wata uku bayan Dhiren ya yi mata sabis. A mita talatin numfashi ya yi masa nauyi, ya firgita ya taso sama a guje, kuma tun ranar ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Daga gadon asibiti ya gaya mata abin da ya faru: kamfanin na da samfuri biyu, suna ɗaya, lamba ɗaya, sai harafi guda a ƙarshen na sabon, kuma Dhiren ya zuba kayan sabon a cikin tsohon. Mereoni ta kai maganar coci, ta kai ta kasuwa. Ba ta taɓa jin ta yi wa Dhiren ƙarya ba.

Dhiren, tsoho ne mai jinkirin da ke tayar da haushi, ya shimfiɗa farin tawul ya fara kwancewa. Duk zoben roba da ya ciro sai ta karɓa ta jujjuya, wai tana dubawa, alhali ba ta san na tsohon daga na sabon ba. Idonta dai na kan hannunsa na hagu, don can ta fi zargi.

Ya ɗauko sabon samfurin daga kanta ya ajiye gefe, ya nuna mata ba tare da ta tambaya ba. A waje kamar tagwaye. A ciki kuwa, sabon samfurin faifan roba ne ke motsa shi, tsohon kuma sandar ƙarfe. Ya ɗauki zoben sabon ya gwada a tsohon, ya ƙi shiga ko da dole. Ta ce a ranta, ai ya sami shekara biyu yana shirya wannan wasan.

Da ya zo kan wata 'yar kafa a gefen ƙarfen sai ya tsaya. Ya sa tsinke ya yi ta sakata, har wani abu shuɗi kamar ƙwayar gero ya faɗo kan tawul. Ya haɗa komai, ya ɗaura a tukunya, ya tsoma a baho. Kumfa siririya ta fara tasowa ba yankewa.

"Ga shi nan, tana yoyo," in ji Mereoni. "A gabana ma ka ɓata ta."

"Haka aka ƙera ta, ƙanwata. Tsohon dole ya yi kumfa, ta nan yake gane zurfi. Sabon ne ba ya yi. In ka toshe kafar, a sama lafiya lau, sai an yi ƙasa numfashi ya yi nauyi."

Ta tuna yadda Apisai ke mita a kan baƙi. Kowane nutso sai wani Bature ya taɓo shi yana nuna masa kumfar, har wata mata ta kai ƙara wurin mai kwale-kwale cewa jagoransu na yawo da rubabben kaya. Ta tuna kuma wata ranar da ya dawo yana dariya, ya ce ya yi maganin masu tsegumi.

Dhiren ya ɗora shuɗin abin a tafin hannunta. Ba sai an gaya mata ba. Gam ɗin kwale-kwale ne, wanda Apisai ke liƙe komai da shi, har butar shayinsu.

Ta tambayi Dhiren ko ya sani tun da. Ya ce ya yi zato, amma mutumin da ya rasa ƙafafu, me za a ƙara masa.

Kunya ta kama ta har ta kasa godiya. Ta ɗaure gam ɗin a gefen zaninta, ta sa regiletar a jaka, ta kama hanyar gida. Daga nesa ta hango Apisai a kekensa na guragu a baranda, inda yake jiranta kullum. Yau bai ɗaga mata hannu ba, jakar da ke kafaɗarta yake kallo.