Sunan da Aka Ba Ummaru

Warin albasa ne ya tarbi Tabawa tun kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ta daga babur. Ta gyara lulluɓi, ta tsaya tana kallon ginin da ta yi shekara shida tana gudun ko da jin zancensa. Ashe bai kai yadda take zato ba. Dogayen ɗakuna biyu ne a gefen hanyar Jega zuwa Maiyama, iska ta kwashe rabin kwanon, tagogin ba abin da ya rage musu sai sandunan ƙarfe. Nan ne asibitin masu taɓin hankali, wanda mutane suka fi sani da Gidan Turu. Gwamnati ta watsar da shi, manoma suka ga inuwa ta banza, suka mai da shi wurin ajiyar albasa.

Nan ƙanen mijinta Muntari ya kawo mijinta, shekarar da ya fara yi wa rijiya huɗuba. A Jiga Birni kuwa cewa aka yi ya tafi Kurmi da lodin albasa, kasuwa ta riƙe shi. Ita ce ta kawo wannan dabarar, don tana da 'yan mata biyu a ɗaka, kuma ta san mutanensu: da an ji akwai hauka a gida, ko kaza ba mai zuwa nema. Da bakinta ta ce wa Muntari, “Ka yi yadda za ka yi, kada a ji sunanmu can.” Muntari ya yi. Duk sanda ta tambaye shi, sai ya ce yana nan, ana magani.

Yanzu 'yan matan sun yi aure, Muntari ya rasu kwana arba'in da suka wuce, ita kuma ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Abin da ta zo ji ke nan, ko kabari ne a nuna mata.

* * *

Wani tsoho ya fito daga ɗakin farko yana kakkaɓe ɓawon albasa daga rigarsa. Malam Lauwali ne, mai gadin kayan. Suka gaisa, ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe marasa lafiya a nan idan za a yi musu allura.

“Wa kike nema, baiwar Allah?”

“Maigidana na.”

“To, ai maigida ba suna ba na. Mi as sunanai?”

Shekara ashirin da uku da aure, ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba, ko a bayan idonsa. Ta sunkuyar da kai ta faɗe shi a hankali, kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta.

“Ummaru. Na Jiga Birni.”

Tsohon ya daina kakkaɓe rigar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ta biyo shi.

Suka ratsa tsakanin albasar da aka baje a kan rumfunan kara. Yana tafe yana ba ta labarin wurin ba tare da ta tambaya ba. Kamfanin da ya yi titi ne ya gina wa leburorinsa, da suka tashi aka zuba gadaje talatin, aka kafa allo. Likita ɗaya ne, sau biyu a wata yake zuwa daga Sakkwato. Idan magani ya ƙare, sai a sa musu mari a ƙafa. Ya nuna mata zobban ƙarfe da aka binne a siminti, jere da bango, kowanne da baƙin tabo kewaye da shi. A zobe na bakwai ya tsaya.

“Nan Sirajo ya zauna. Dogo, baƙi, ba ya da kan ɗan yatsa guda.”

Lauje ne ya cire wa mijinta kan yatsan, tana amarya. Ita ta ɗaure masa shi da gefen zanenta.

“Ba Sirajo na ba,” in ji ta.

“Shi ma hakanan yac ce.” Malam Lauwali ya zauna a kan wani buhu. “Wanda yak kawo shi ya rubuta Sirajo, mutumen Tambuwal. Yaj ja mu gehe yac ce ciwon nai ke nan, in ya tashi sai shi ɗauki sunan wani da garin wani. To, kullum sahiya sai shi kama ƙarhen tagar ga shina kira, ni Ummaru na, Ummarun Jiga Birni, ku aika a gaya ma Tabawa. Mu ko sai mu ce ciwo ya motsa, a kawo allura.”

Tabawa ta nemi abin da ya kamata ta ji a ƙirjinta, ba ta sami komai ba. Kunnenta na jin maganar, amma kamar labarin wasu mutane ake ba ta a mota.

“Har yaushe?”

“Shekara biyu. Ran nan anka kira Sirajo, sai yac ce na'am. Likita yay yi murna, ya rubuta an samu sauƙi. Ni da kaina nic cire mai mari.”

Daga nan aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Aka raba ma'aikata, aka raba gadaje da kujeru, aka zo kan marasa lafiya, su ma aka raba su bisa garin da ke katin kowa. 'Yan wannan ɓangaren aka aika wa hakimansu, dangi suka zo suka kwashe. 'Yan wancan ɓangaren aka zuba su a bayan babbar mota. Tambuwal kuwa ta faɗa wancan ɓangaren na Sakkwato.

“Da Jiga Birni anka rubuta, wallahi har ƙohwar gida za a kai maki shi.”

“Ina motar tat tahi?”

“Allah masani. Na ji an ce inda duk anka tsaya shan ruwa sai wasu su sauka, ba mai ƙirga su. Katunan kau gara ta cinye.” Ya share fuska da hularsa. “Mutum guda da ya zo yac ce mamu Ummaru na, da mun yarda. Ba wanda yaz zo.”

Ta tsuguna ta taɓa zoben. Ya yi santsi ta gefe ɗaya, inda sarƙa ta ci shi. Daga tagar da ke samansa ana hango titi, da motocin Aliero suna wucewa da lodi. Daga nan zuwa Jiga Birni, tafiyar ba ta kai awa guda ba.

* * *

La'asar ta yi sakaliya ta isa Jiga Birni. A bakin rijiya ta tarar da maƙwabciyarta Hadiza tana ɗaure guga.

“Sannu da hanya, Tabawa. An ce Jega kinka tahi. Ko an samu saƙon mutanen Kurmi?”

Tabawa ta tsaya. Sunan yana nan a bakinta tun safe, yau ta koyi faɗinsa. Ta dubi matan da ke jiran layi, cikinsu har da uwar mijin ƙaramar 'yarta, wadda ita ma ta kasa kunne.

“An samu,” in ji Tabawa. “Shina gaida ku.”

Ta shige gida ta ɗora tukunya, ta auna tsaba ta mutum ɗaya.