Babban Yatsan Yaya

Matar gidan ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Kofi kawai ta tura a kan dutsen da ya shimfiɗa mata a kantar kicin. Kofin ya tafi sumul, da ya kai mahaɗar fallen dutsen biyu sai ya yi tuntuɓe.

"Ni ban ma lura ba, Inna ce ta gano, ita da idonta ya tafi," in ji ta. "Ka gyara, malam. In ba zai yiwu ba, ka gaya mini in nemo wani." Ta suri jakarta ta tafi aiki.

Mai Dutse ake ce masa, ko da yake a da su biyu ke amsa sunan, shi da yayansa. Tun suna samari tare suke yanka dutse, tare suke ɗauka. Bara Yaya ya rasu, wannan kuma shi ne babban aikin farko da ya karɓa shi kaɗai.

Ya san abin da ya faru sarai. Gam ɗin dutse ba ya jiran kowa, da ka zuba masa maganin daskarewa to ya kama hanya. Ran nan ya kwaɓa, ya shafa, ya matse fallen biyu, sai ya ja da baya ya tsaya. Jiran me? Jiran Yaya ya bi mahaɗar da babban yatsa ya ce, "Ya zauna." Duk tsawon shekarun nan shi bai taɓa faɗar kalmar ba, ba aikinsa ba ne. Kafin ya tuna babu mai zuwa, gam ya kama. Sabo turken wawa.

Yanzu sai an raba a sake haɗawa. In bakin dutsen ya ɓalgace shi ke nan, irinsa ya ƙare a wurin masu sayarwa. Shi kuwa tun a hanya ya yanke wa kansa hukunci: in ya ɓata wannan, zai rufe shagon ya sayar da kayan aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kunna injin hura zafi yana bin mahaɗar a hankali har gam ya yi laushi, ya sa reza yana yanka kaɗan-kaɗan. Gidan tsit, sai ƙugin firji. Ya shiga ƙarƙashin kantar ya saki fallen daga jikin katako, ya fito yana dafe da ƙugu. Da ya kama gefen dutsen zai ja, bakinsa ya riga shi.

"To, riƙe can."

"Da wa kake magana, ɗan nan?"

Tsohuwa ce a bakin ƙofa, surukar matar gidan, tana laluben bango. Kunya ta kama shi, mutum da furfurarsa.

"Ba kowa, Inna. Yayana ne, ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Ni da firjin nan nake hira, ka ga ai ka fi ni, naka ya taɓa amsawa."

Ta jawo kujera ta zauna ba tare da an ce mata zauna ba. Ta ce daga safe har yamma ita kaɗai ce a gidan, ta san kowane lungu da tafin hannunta, shi ya sa tudun nan ya hana ta sakat. Yana saurare yana jan dutsen, can mahaɗar ta yi 'yar ƙara ta buɗe. Ya duba bakin fallen biyu. Ko ƙwarzane babu.

Ya kankare tsohon gam tas, ya goge, ya cusa 'yan siraran katako a ƙarƙashin fallen da ya sauka. Wannan karon ya rage maganin daskarewa, daidai saurin mutum ɗaya. Ya shafa, ya matse, ya bi mahaɗar da yatsansa. Kamar daidai, kamar ba daidai ba. Ya sake bi, zuciyarsa ta ƙi ba shi amsa, gam kuwa yana ta kamawa.

"Inna, ara mini hannunki."

Ya kama hannun ya ɗora babban yatsanta a kan mahaɗar. Ta bi tun daga bango har baki, ta dawo tsakiya ta tsaya.

"Nan ya ɗan ɗaga kai."

Ya zare katako ɗaya kaɗan, ya danna da tafin hannu. Ta sake bi.

"Yauwa. Ya zauna."

Mai Dutse ya juya mata baya yana goge rezar da ba ta da datti. Kewar Yaya ce ta taso masa.

Da gam ya bushe ya kankare abin da ya tumbatso, ya tura kofi, kofin ya wuce abinsa. Shago dai ba zai rufu ba. Yana haɗa kaya sai ya ga tsohuwa ta miƙe tana shafa kantar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har bakin wurin wanke-wanke, tana nema.

"Ɗan nan, taɓa nan. Kamar akwai wani abu."

Ya taɓa. Santsi kamar faranti, babu abin da ya same shi. Ya dubi tsohuwar, ta karkato kai tana jiran abin da zai ce. Ya tuna shagonsa da kujeru biyun da ke ciki, ɗaya babu mai zama.

"Akwai, Inna," in ji shi. "Sai dai ban zo da kayan gyaransa ba. Zan dawo jibi."